Dodon Koɗin Teku Mai Dafi: Tambayoyin da Mutanen Zango Ke Yawan Yi da Amsoshinsu

Duk sanda bidiyon nan ya sake zagayowa a WhatsApp, wanda ake nuna wani koɗi mai kyawun zane ana cewa duk wanda ya ɗauka sai kabari, tambayoyi iri ɗaya ne ke tasowa daga unguwannin Akra, tun daga Nima, Mamobi, Fadama, Sabon Zango har Madina. Iyaye na tambaya saboda yaran da ke cika bakin tekun Labadi washegarin Sallah. Masu sayar da kayan ƙawa na tambaya saboda hajarsu. Matafiya kuma hankalinsu na kan Jidda da Mombasa. Ga su nan a tattare, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Wanda ke cikin gaggawa ya wuce kai tsaye zuwa tambaya ta 7.

1. Wace irin halitta ce wannan?

Dodon koɗi ne na cikin ruwan gishiri, masana na kiran danginsa Conus. Koɗinsa na da siffar mazurari: faɗi a gefe guda, tsini a ɗaya gefen, da doguwar tsaga daga sama har ƙasa inda naman ke fitowa. Irinsa ya haura 800, akasari a tekuna masu ɗumi, cikin yashi da ƙarƙashin duwatsu da murjani. Da rana yakan binne kansa, da dare ya fito farauta.

Dukkansu maciya nama ne kuma dukkansu na da dafi, amma abincinsu ya bambanta. Mafi yawa tsutsotsin teku suke ci. Wasu na cin 'yan uwansu dodannin koɗi. Kaɗan ne ke farautar kifi, kuma waɗannan kaɗan ɗin su ne suka fi zama abin tsoro ga ɗan Adam, domin dafin da aka shirya don ya kayar da mai ƙashin baya, mu ma yana kama mu.

2. A cikinsu wanne ne mai kisan?

Wanda ya yi ƙaurin suna shi ne Conus geographus, wanda masanin Siwidin Linnaeus ya sa wa suna a 1758 saboda zanen jikinsa ya yi kama da taswira. Tsawonsa kan kai santimita 10 zuwa 15. Koɗinsa ba shi da kauri ko nauyi, bakinsa na da faɗi fiye da na sauran, launinsa fari-fari mai ratsin ruwan hoda da dabbare-dabbaren ruwan ƙasa. Gidansa Tekun Indiya da yammacin Tekun Fasifik: Bahar Maliya, gaɓar Gabashin Afirka, Indunusiya, Filifin, kudancin Japan da arewacin Ostareliya.

Akwai wasu da ake gargaɗi a kansu, kamar Conus textile mai zanen fararen kusurwoyi a kan launin zinariya, da Conus striatus da Conus tulipa. Amma idan aka zo maganar mutuwar da aka tabbatar, kusan duka a kan geographus ake ɗora ta.

3. To, akwai shi a tekun Akra?

Geographus ba ya cikin Tekun Atilantika, don haka ba za a tsince shi a Labadi, Kokrobite, Jamestown ko Tema ba. Wannan shi ne abin da bidiyon ba ya faɗa.

Amma danginsa na gaɓar Afirka ta Yamma. Akwai Conus pulcher, wanda ake samu daga Senegal har Angola, kuma shi ne mafi girman duk dangin, wani kan wuce santimita 20. Akwai Conus genuanus mai layukan ɗige-ɗige a zagaye da jikinsa. Sannan akwai Conus ermineus, wanda ke rayuwa a ɓangarorin Atilantika biyu, namu da na Karibiyan, shi kuma kifi yake farauta. Wannan na ƙarshe shi ne dalilin da ya sa ba zan ce wa kowa ya saki jiki ba. Yaro a bakin ruwa ba shi da lokacin tantance wanne ne mai cin tsutsa wanne ne mai cin kifi, babba ma haka. Dokar mai sauƙi ce: koɗi mai siffar mazurari da aka gani a cikin ruwa ko a jiƙaƙƙen yashi, a bar shi inda yake.

Sai dai in gaskiya ake so, uwar da ɗanta zai je bakin teku, abin da ya fi cancantar ya hana ta barci shi ne igiyar ruwan da ke jan mutum ciki. Ita ce ke cinye mana yara a gaɓar nan.

4. Dabbar da ke jan ciki a hankali, yaya take kama kifi?

Ba ta bin kifi, jira take. Tana da ɗan bututu da take ɗagawa sama tana shaƙar ruwa, da shi take jin ƙanshin abin da ke kusa. Haƙoranta ba jere suke a baki ba. Kowane haƙori kibiya ce mai rami a ciki, mai kunne a tsini, kuma tana da jaka guda da take adana su. Idan farauta ta zo, sai ta ɗauko ɗaya ta kai shi ƙarshen wani dogon bututun nama mai miƙewa, ta miƙa shi a hankali har ya taɓa jikin kifin. Daga nan kafin ƙiftawar ido kibiyar ta shige, dafi ya bi ta raminta. Kifin ya sandare nan take, ta jawo shi da kibiyar da ke maƙale, ta buɗe baki ta haɗiye shi ɗungurungum. Bayan wasu sa'o'i ta amayar da ƙaya da ɓamɓaroki tare da kibiyar. Kowace kibiya sau ɗaya ake amfani da ita.

Geographus yana da wata dabara ta daban, mai ban mamaki. Da dare yakan matso inda ƙananan kifaye ke fakewa, ya saki wasu sinadarai cikin ruwan da suke shaƙa. Kifayen su yi laushi, su daina gudu, kamar waɗanda maye ya kama. Shi kuma ya buɗe bakinsa ya yi faɗi sosai, ya lulluɓe su, wani lokaci fiye da ɗaya a tashi guda, sai sun shiga ciki sannan ya harbe su. Ɗaya daga cikin sinadaran nan insulin ne, bayaninsa na tambaya ta 15.

5. Idan ya harbi mutum me ke faruwa a jiki?

Ƙananan masu cin tsutsa, harbinsu yawanci zafi ne da kumburi irin na zuma, ya wuce. Manyan masu cin kifi kuwa labari ya sha bamban, kuma abin da ke yaudarar mutane shi ne wani lokaci zafin farko ba shi da yawa. Wurin zai mutu, ya daina jin taɓi. Sai mutuwar ta riƙa hawa hannu, leɓe da harshe su fara tsiya-tsiya. Daga nan gani ya rabu biyu, fatar ido ta yi nauyi, magana ta harɗe, haɗiyar miyau ta gagara, ƙafafu su ƙi ɗaukar jiki.

Dafin haɗin ƙananan sinadarai ne sama da ɗari, ana kiransu konotoksin. Kowanne na da ƙofar da yake toshewa a jikin jijiya ko tsoka, har saƙon da ƙwaƙwalwa ke aikawa ya kasa isa. Idan toshewar ta kai ga tsokar da ke ɗaga ƙirji, numfashi ya tsaya. Abin da ke kisa ke nan. Sau da yawa mutumin na cikin hayyacinsa, yana jin duk abin da ake faɗa a kansa, motsi ne kawai ya gagare shi. Don haka masu kewaye da shi su kula da bakinsu, a daina kururuwar ya mutu, a riƙa kwantar masa da hankali.

6. Da gaske ne mutum ba ya wuce tsawon shan sigari ɗaya? Mutum nawa ya kashe?

Kirari ne aka yi masa, kuma an zuzuta. A rahotannin da likitoci suka rubuta, mutuwa kan zo ne bayan sa'a ɗaya zuwa biyar. A 1935 wani saurayi ya ɗauki geographus a tsibirin Hayman na Ostareliya, ya harbe shi a tafin hannu, ya rasu bayan kimanin sa'a biyar. Tun a 1705 aka buga labarin wata baiwa a tsibiran Banda na Indunusiya da ta mutu bayan ta riƙe irin wannan koɗi, daga rubutun masani Rumphius.

Jimillar mace-macen da aka rubuta a cikin sama da shekara 300 talatin da 'yan kai ne. A gwada da maciji, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ƙiyasta yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara. Manomin arewacin Gana da ke fama da kububuwa a gona ya fi mai yawon bakin teku zama cikin haɗari nesa ba kusa ba.

7. An harbi wani a gabana. Me zan yi?

Fito da shi daga ruwa tukuna, domin jikin da ke shanyewa ba ya iya iyo. Kwantar da shi, kada ya yi tafiya, kada ya yi gudu neman taimako da ƙafarsa. A cire zobe, agogo da awarwaro. A sami bandeji mai talewa, in babu a yaga mayafi ko zane, a naɗe daga yatsu zuwa sama har hammata ko cinya, da ƙarfi irin na ɗaurin targaɗe. Kada ɗaurin ya hana jini zagayawa: idan yatsu suka yi sanyi suka canza launi, ɗaurin ya yi yawa. A sa sanda ko guntun katako a ɗaure don gaɓar ta daina motsi. Wani ya kira lambar agajin gaggawa, 112 ko 193, wani ya tare mota. A lura da lokacin da harbin ya faru.

Daga nan idonka ya tsaya a kan ƙirjinsa. Wannan shi ne aikin da ya fi kowanne. Idan numfashi ya yi rauni ko ya tsaya, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska baki da baki, sau ɗaya duk daƙiƙa biyar zuwa shida, ana ganin ƙirjin na ɗagawa. Idan zuciya ma ta tsaya, a haɗa da dannan ƙirji, talatin da hura biyu. Kada a daina a cikin mota, kada a daina don an gaji, a riƙa karɓar juna har hannun likita. Dafin ba ya zama a jiki har abada. Wanda aka riƙe wa numfashi, aka kai shi inda akwai na'urar taimaka wa numfashi, yana da kyakkyawar damar tashi garau.

A nufi babban asibiti: a Akra akwai Korle Bu, asibitin sojoji na 37 da Ridge, a Kumasi akwai Komfo Anokye. Ko da mutumin ya ce ya ji sauƙi, a kai shi a duba, saboda alamomin kan makara (duba tambaya ta 5). Idan za a iya ɗaukar hoton koɗin da waya ba tare da an taɓa shi ba, a ɗauka, zai taimaki likita, wanda mai yiwuwa bai taɓa cin karo da irin wannan ba.

8. Kakata ta ce a tsaga wurin a tsotse, ko a ɗora dutsen maciji. Zai yi?

Allah ya ƙara wa Kaka lafiya, amma a nan ba zai yi ba. Tsaga na ƙara ciwo ne da hanyar ƙwayoyin cuta, tsotsa ba ta fito da abin da ya riga ya bi jiki, ɗaurin igiya mai tsayar da jini kuma na iya jawo asarar hannu. Kada a ɗura wa wanda haɗiya ke gagara komai a baki, ko ruwa, ko manja, ko jiƙo, domin huhu zai tafi. Addu'a kuwa a yi ta, a cikin mota, ana kan hanya.

9. Me ya sa babu allurar makarinsa kamar ta maciji?

Dalili biyu. Na farko, dafin ba abu ɗaya ba ne. Kowane iri na da haɗinsa, har a cikin iri ɗaya ma yakan bambanta, kuma sinadaran ƙanana ne ƙwarai, ba sa tayar da garkuwar jikin doki yadda dafin maciji ke yi, alhali da jinin doki ake haɗa irin wannan allura. A 2014 masu bincike a Jami'ar Queensland suka nuna cewa geographus na da dafin farauta daban, na kare kai daban, kuma na kare kan shi ne mai shanye jiki da ƙarfi, wato shi ne rabon wanda ya ɗauke shi. Na biyu kuwa kasuwa ce: ba kamfanin da zai zuba kuɗi don ciwon da ba a cika gani ba. Maganin da ke akwai shi ne na tambaya ta 7.

10. Idan na riƙe shi ta faffaɗan gefen, ko na sa safar hannu fa?

Ana yawan ba da wannan shawara, ni ban yarda da ita ba. Bututun manyan masu cin kifi na iya lanƙwasowa ya kai kusan ko'ina a jikin koɗin, kibiyar kuma na huda siririyar safa da tufafi. Mafi muni shi ne abin da yara ke yi, su cusa koɗi a aljihun gajeren wando su ci gaba da wasa. Dabbar da ta lafe ciki takan fito bayan 'yan mintoci, ga cinya a kusa.

11. Na sayi koɗi irin wannan a kasuwar kayan ƙawa ta Arts Centre, yana kan teburin falo. Da haɗari?

Babu. Dafin na cikin naman dabbar ne, koɗin da ya bushe aka wanke ba shi da komai. Waɗanda ake jerawa a faranti kusa da duwatsun wuya da gangunan ado, masu ƙyalli kamar an shafa musu mai, dabbobin da ke cikinsu sun daɗe da mutuwa. Hajiya ta bar abinta a falo.

Wanda aka tsinto yau a bakin ruwa shi ne abin dubawa. Mai rai yakan zama da wata siririyar fata mai launin ƙasa da ke dushe zanen, yana da nauyi, kuma idan aka leƙa tsagar za a ga nama. Amma yakan janye can ciki har a ɗauka babu kowa, don haka leƙawa ba hujja ba ce. Wani lokaci kuma ƙafafu za a gani, wato wata 'yar ƙaguwa ce ta tare a gidan da mai shi ya mutu. Ita ba ta da dafi, sai dai ta ɗan matse yatsa.

12. Yana da alaƙa da katantanwar da ake sayarwa a Makola da Kejetia? Da wuri fa? Ana cin sa?

Dangi ne na nesa. Babbar katantanwar da ake sa wa a miya ta tudu ce, ganye da ruɓaɓɓun 'ya'yan itace take ci, ba ta da kibiya ba ta da dafi. Wuri, wanda kakanninmu suka yi cinikin goro da shi, na teku ne, yawancinsa daga tsibiran Maldibs aka riƙa kawo shi, shi ma ba ya harbi. Siffarsa ma daban ce: dunƙulalle mai santsi, da baki mai haƙora-haƙora.

A wasu tsibiran Fasifik ana dafa wasu irin Conus a ci. A mazhabar Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne, Hanafiyya kuma sun taƙaita ga kifi, sauran bayani sai a koma wa malamai. Ta fuskar lafiya dai, matsalar tana wajen kamawa da ɓarewa, kuma naman bai kai a sayi wannan kasada ba ga kifi cike da kwale-kwale a Chorkor.

13. Zan tafi Umara, kuma mukan je bakin teku a Jidda. In ji tsoro?

Tsoro a'a, kula e. Jidda na kan Bahar Maliya, kuma geographus da textile duk suna cikinta. Haka Mombasa, Zanzibar da bakin tekun Masar. Mai zama a kan dakali yana shan iska ba abin da zai same shi, domin dabbar ba ta bin mutum, sai an ɗauke ta ko an taka. Mai shiga ruwa ya sa takalmi mai kaurin ƙasa, kada ya cusa hannu ƙarƙashin dutse, musamman bayan magariba. A kuma ja kunnen yara kan tsintar tsaraba daga cikin ruwa. Wasu ƙasashen, kamar Masar, sun ma haramta ɗebe koɗi da murjani daga teku.

14. Wai ana yin maganin ciwo da dafinsa?

Ana yi, kuma labarin na da daɗi. Baldomero Olivera da Lourdes Cruz, masana 'yan Filifin, su ne suka fara rarraba dafin nan ɗaya bayan ɗaya tun shekarun 1970. Daga baya a ɗakin binciken Olivera a Jami'ar Utah ta Amurka, wani matashin ɗalibi mai suna Michael McIntosh ya ware wani sinadari daga dafin Conus magus wanda ke toshe hanyar da saƙon zafi ke bi a cikin laka. Shi ne ya zama maganin zikonotaid, mai sunan kasuwa Prialt. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Disambar 2004, Turai a 2005. A masana'anta ake haɗa shi yanzu, ba daga jikin dabbar ake tatsa ba.

Ana yawan cewa ya ninka mofin, maganin kashe zafin ciwo, ƙarfi sau dubu, kuma ba ya sa jaraba irin tasa. Samarin da suka ji wannan suka fara tambayar inda ake samu, su huta. Ba ƙwaya ba ce irin tramadol. Ta wani ɗan famfo ake ɗiga shi cikin ruwan da ke kewaye da laka, ga masu matsanancin ciwon da sauran magunguna suka gaza, kuma yana iya kawo jiri, ruɗewa da gane-gane.

15. Batun insulin fa? Zai warkar da ciwon suga?

A 2015 Helena Safavi-Hemami da abokan aikinta a Utah suka gano cewa geographus da tulipa na haɗa wani insulin mai kama da na kifi, su sake shi cikin ruwa, sukarin jinin kifin ya faɗi, ya rasa ƙarfin gudu (tambaya ta 4). Abin da ya ja hankalin likitoci shi ne insulin ɗin mutum kan dunƙule shida-shida, sai ya warware kafin ya fara aiki, na dodon koɗin kuwa a warware yake tun farko, don haka ya fi sauri. Ana koyi da shi don ƙera insulin mai saurin aiki. Har yanzu bincike ne. Duk wanda ya kawo wa mai ciwon suga garin koɗi ko ruwansa ya ce magani ne, kuɗinsa yake so, Baba ya ci gaba da allurarsa da zuwa asibiti.

16. Akwai kuɗi a harkar koɗin nan?

Tambayar da ba a rasa ta a Zango ke nan. An taɓa samu. Conus gloriamaris ya shafe kusan shekara 200 yana cikin koɗi mafi tsada a duniya, attajiran Turai na rububinsa a gwanjo saboda 'yan ƙalilan ne aka sani. A 1969 masu ninƙaya suka gano matattararsa kusa da Guadalcanal a tsibiran Solomon, farashi ya rushe. Yau mai ɗan hali ma na iya saya.

Na yankinmu da masu tarawa ke nema sun fi yawa a tsibiran Kef Bade, inda ake da iri da dama da babu su ko'ina a duniya, wasu a gaɓar tsibiri ɗaya tak, saboda 'ya'yansu ba sa yawo da igiyar ruwa kamar na sauran. Wannan ya sa gina otal ko ɗibar yashi a wuri guda na iya shafe iri sukutum. Binciken da aka wallafa a 2013 kan iri 632 ya nuna waɗanda suka fi fuskantar ƙarewa suna Kef Bade da kewayen Dakar ne. Pulcher da genuanus na gaɓarmu kuwa ba su da wuyar samu, masunta kan fito da su cikin raga, kuma farashinsu na kayan ado ne kawai. Mai saye daga hannun masunta ya tabbata ya karɓi busasshe, in kuma ɗanye aka kawo masa, ya ɗauka da cokali mai dogon hannu ya zuba a bokiti mai murfi, nesa da yara.